Gidan haya a Agege: kada ka taɓa jarin albasa tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harkar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, muna ɗauko kaya daga Aliero da Sakkwato. An yi mini tayin wani gida a Agege, ɗaki takwas masu fuskantar juna da shago biyu a gaba, a kan naira miliyan 60. Magada ne ke sayarwa, kuma akwai 'yan haya a ciki. Dillali ya ce ɗaki 300,000 ne a shekara, shago 500,000. Ina da miliyan 50 a ajiye, ragowar goman zan zara daga jarina. Ban taɓa riƙe gidan haya ba. Me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a nema.

Mu fara da lissafi, tunda kai ɗan kasuwa ne. Ɗaki takwas a 300,000 sun ba da miliyan 2.4, shago biyu miliyan ɗaya, jimla miliyan 3.4 a shekara. A kan miliyan 60, bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Wannan kuma lissafin dillali ne, wanda a cikinsa babu ɗakin da ya zauna fanko, babu wanda ya ƙi biya, kwano bai yi yoyo ba, sokawe bai cika ba, gwamnatin jiha ba ta aiko takardar harajin gida ba. In aka cire waɗannan ka tsira da miliyan biyu da rabi, ka gode Allah. Kenan shekara 24 kafin haya kaɗai ta mayar maka da kuɗinka. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, alhali kuɗin haya sau ɗaya ake yanke shi a shekara, siminti da ladan birkila kuwa ba sa jiran kowa.

Ban faɗi haka don in kashe maka gwiwa ba. Gida a Legas ma'ajiyar dukiya ce mai kyau, domin ƙasar ce ke daraja, balle Agege da yanzu jirgin ƙasan Red Line ke tsayawa a cikinta tun 2024. Amma ma'ajiya daban, jari daban. Miliyan gomar da kake son zarowa tana juyawa sau da dama tsakanin kaka da lokacin da albasa ke tsada. In ka binne ta a bulo, ranar da mota ta lalace a hanya kaya suka ruɓe, ba za ka ɓalle ɗaki ɗaya ka sayar ka cike giɓin ba. Kuma miliyan 60 ba ita ce ƙarshen kuɗin ba: akwai la'adar dillali, akwai lauya, akwai safiyo, akwai kuɗin amincewar gwamna da rajista, sannan gyaran farko, wanda tsohon gida ba ya rasa shi. Don haka shawarata ita ce ka taya gidan da abin da miliyan hamsin ɗinka za ta ɗauka har da waɗannan. In ba su sallama ba, ka bari ya wuce.

Sai takardu, kuma nan ne na fi jin tsoro, saboda ka ce magada ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi sai da amincewar gwamna. Ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya je ofishin filaye na jiha da ke Alausa a Ikeja ya bincika sunan wa ke kan takardar, kuma ko an jinginar da gidan a banki. Safiyo ya duba a ofishin babban safiyon jiha ko filin yana cikin wanda gwamnati ta ware wa kanta. In marigayin bai bar wasiyya ba, a nuna maka takardar kotu da ta ba magada ikon taɓa dukiyar. In kuma gidan dangi ne a al'adar Yarbawa, sai shugaban gidan da manyan 'ya'yan kowane ɗaki sun sa hannu tare. Wanda aka tsallake, ko yana Landan ne, zai iya dawowa bayan shekaru ya kai ka kotu. Kada ka yarda da “yayanmu ya ce mu wakilce shi”. A kawo shi, ko a kawo wakilcinsa a rubuce. Kuɗi kuma ta banki, da sunan waɗanda ke kan takarda.

Ka je ka ga gidan da idonka a watan Yuni ko Yuli, bayan an tafka ruwa, ba da rani ba lokacin da aka shafa masa sabon fenti. Dubi gindin bango: in ka ga layin danshi ya kai gwiwa, ruwa na shiga. Ka tambayi mai shagon da ke makwabtaka, shi ba ya da la'ada a cinikin. Ka kuma nemi takardar wuta ta ƙarshe. Gidaje irin wannan sukan tara bashin kamfanin lantarki na shekaru a kan mita ɗaya, kuma wanda kamfanin ya tarar a gidan shi zai matsa wa. A cire bashin daga farashi, sannan ka sa mitar kati, in da hali shaguna su sami tasu daban, don injin niƙa ko firiza na shago shi ne mafarin rabin rigimar gidan haya.

'Yan hayan da ke ciki ba kayan ɗaki ba ne da za ka kwashe ranar da ka karɓi makulli. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta shafi Agege. Unguwannin da ba ta shafa ba su ne Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. In yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida yake da shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Bayan wa'adin ya cika ka sake ba shi na kwana bakwai, in bai tashi ba sai kotu, kuma kotu ba ta sauri. Abin da wasu masu gida ke yi na cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta ko turo ƙarti, laifi ne a dokar, hukuncinsa tarar da za ta iya kai 250,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar ta hana ka karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba da rasit. Na san ana karɓar na shekara biyu a gari, amma ranar da aka je gaban alƙali kai ne mai laifi.

Saboda haka kafin ka biya, a zaunar da kowane ɗan haya a gabanka da rasit ɗinsa na ƙarshe. A nan za ka gane ko 300,000 ɗin gaskiya ce ko fatan dillali ce. Sau da yawa za ka tarar tsohon da ke ɗakin ƙarshe rabin haka yake biya tun zamanin marigayi, wani kuma ya riga ya ba ɗaya daga cikin magadan kuɗin baɗi.

Akwai kuma abin da lauya ba zai gaya maka ba, don shi ba Bahaushe ba ne. Ranar da labari ya kai gida cewa Alhaji ya sayi gida a Ikko, waya za ta fara ƙara. Kawu zai ce ga yaro nan tafe, ka ba shi wurin kwana kafin ya sami abin yi. Ba za ka iya cewa a'a ba. Bayan wata uku yaro ɗaya ya zama shida, tabarmi har baranda, takalma jibge a bakin ƙofa, layin banɗaki tun kafin asuba, sauran 'yan haya sun fara cewa ba za su biya kuɗin kwasar shara daidai da ɗakin mutum shida ba. Kai kuma kunya ta hana ka magana, don duk abin da ka faɗa, kafin la'asar ya isa kunnen Hajiya a gida. In kana son yin alheri, ware ɗaki ɗaya tun farko ka ce wannan na baƙi ne, ka cire shi daga lissafi, ka faɗi adadin masu kwana. Sauran bakwai ɗin kowa da yarjejeniya a rubuce mai ranar farawa da ranar ƙarewa, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Irin wannan yarjejeniya tana da wani amfanin: in wa'adinta ya cika, notis ɗin kwana bakwai kawai doka ta nema.

Karɓar haya kuma kada ka riƙa yi da kanka. Kana Mile 12 tun duku-duku kana sauke mota, ba ka da lokacin bin ɗaki-ɗaki, kuma mai gida da ya zo da kansa shi ake yi wa kuka. Sa wakili, amma kuɗi su faɗa asusunka kai tsaye, shi ka biya shi ladansa. In rigima ta taso, kafin kotu akwai cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'ar jiha, kyauta take zama, tsakanin 'yan Arewa kuma fadar Sarkin Hausawan Agege takan kashe wuta da yawa. Kowace shekara ka ajiye kuɗin ɗaki ɗaya gefe don gyara, kada ka haɗa shi da kuɗin kasuwa.

Idan binciken Alausa ya fito da tsabta, magada suka hallara gaba ɗaya, farashi kuma ya sauko inda miliyan hamsin za ta rufe komai, saya. In ɗaya daga cikin ukun ya ƙi, kuɗin lauya da safiyo kaɗai ka rasa, sai ka sa dillalin ya nemo maka wani, ko mai ɗaki huɗu ne.