Amsar Malam kan ma'aunin halayya na Farisanci

Salamu alaikum jama'a. To ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce kin samu binciken da aka yi a Iran kan fassarar NEO-FFI, wato tambayoyin auna halayyar mutum, zuwa Farisanci, kin ga alfa, alƙaluman tsayuwar ma'auni, ta haura 0.7 a wasu sassa, shin hakan ya wadatar? Ni abin da na ji kina tambaya shi ne ko ki rubuta cewa ma'aunin ingantacce ne ki wuce babi na gaba. To kada ki rubuta haka, don Allah.

Alfar nan da Cronbach ya fito da ita a 1951, abu ɗaya take gaya miki: tambayoyin da ke sashe guda suna tafiya tare ko ba sa tafiya. Shi ke nan fa. Mudun da gindinsa ya lotsa, kullum awo ɗaya zai ba ki, yau da gobe da jibi, amma ba cikakken mudu kika saya ba. Tsayuwar ma'auni daban, ingancinsa daban.

Kuma ki koma ki duba teburin da kyau. NEO-FFI, wanda masana Costa da McCrae suka tsara, tambaya 60 ne, sassa biyar, kowanne 12. Alƙaluman da masu bincike a Iran suka fi kawowa su ne na Garousi Farshi, wanda ya gwada shi a kan ɗaliban jami'a: saurin damuwa 0.86, son cuɗanya 0.73, kiyaye aiki da tsari 0.87. Madalla. Sauƙin hali fa? 0.68. Buɗaɗɗen tunani kuma 0.56. Wannan 0.56 ɗin shi ne labarin, shi kuma kowa ke tsallakewa.

Me ya sa ya faɗi? Buɗe tambayoyin ki karanta su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda ke tambayar mutum ko yana ganin a koma wa malaman addini su yanke hukunci kan al'amuran ɗabi'a. A Amurka, inda aka tsara abin, wanda ya ce eh ana rage masa maki, wai tunaninsa a rufe yake. To kai wannan tambaya Ƙum ko Mashhad, biranen addini na Iran, inda ɗan Shi'a mai riƙo da addini yake da marja'i, wato babban malamin da yake bi a hukunce-hukunce. Mutum na iya zama mai karance-karance, mai son ganin sabon abu, ya koyi harsuna, ya kuma ce eh da zuciya ɗaya. Tarbiyyarsa kika auna, ba faɗin tunaninsa ba. Sannan ga ɗalibi zaune a aji, malami na raba takarda, kina jin zai saki jiki ya ce a'a?

Ga kuma ta waƙa, wadda ke tambaya ko waƙe na taɓa zuciyar mutum. A ƙasar manyan mawaƙa Hafiz da Sa'adi! Mutanen da a daren Yalda, dare mafi tsawo a shekara, iyali ke zama, ga rumman ga kankana, a ɗauko diwanin Hafiz a buɗe a karanta wa kowa baitinsa. Direba ma zai jawo miki baiti. Idan kusan kowa ya ce eh, tambayar ta daina rarrabe mutane, ta zama kaya kawai a cikin sashen. Su kansu McCrae da Costa sun sauya tambayoyi 14 a gyaran 2004, don haka ki tabbatar wane bugu aka fassara.

Abin nan yana ci mini rai, wallahi. Akwai wani mai jarrabawa daga waje da ya taɓa zuwa kare kundin wata ɗalibata. Yarinyar nan ta zauna da mutane, ta karanta musu kowace tambaya ta ce su faɗa mata abin da suka fahimta, ta cire waɗanda ke rikita su. Bawan Allah bai buɗe wannan babin ba. Yatsa ya ɗora a kan tebur ɗaya, ya ce 0.68 bai kai ba, a sake. Wani kuma da ya maimaita tambaya ɗaya da kalmomi daban-daban ya samu 0.9, aka yaba masa. Ai alfa tana hawa in ka ƙara yawan tambayoyi masu kama da juna, kowa ya san wannan. Shi 0.7 ɗin ma shawara ce ta Nunnally, wani masanin ma'aunai, don matakin farko na bincike, ba... to, bar wannan, zan ɗauki lokacinku.

Abin da za ki nema a takardar: shin an fassara zuwa Farisanci, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci aka kwatanta? Shin an sake ba mutanen nan takardar bayan 'yan makonni aka ga ko amsarsu ta tsaya? Da aka yi nazarin rukunan tambayoyin, biyar ɗin sun fito, ko wasu tambayoyin sun gudu wani sashe? An haɗa shi da ma'aunin halayya na Eysenck an ga saurin damuwa na nan ya dace da na can? NEO ma yana da fom ɗin da miji ko aboki ke cikewa game da mutum, wannan hujja ce mai ƙarfi, musamman a wurin da ta'aruf, al'adar kara ta Iraniyawa, ya sa mutum ke ƙanƙan da kai a gaban baƙo.

Na ce ɗaliban jami'a ko? To riƙe wannan. A'a, ba ɗalibta kaɗai ba, har da harshe. Ɗan birnin Tabriz na Iran da yawa Turkancin Azeri ya tashi da shi a gida, ga Kurdawa, ga Balucawa. Farisancin makaranta suke cike takardar da shi. Balle a ɗauka a kai Kabul a ce ai Dari, harshen can, ma Farisanci ne. Sai an sake gwadawa a can.

Don haka rubuta cewa sassa uku sun nuna tsayuwa mai kyau a tsakanin ɗaliban jami'a a Iran, ɗaya na kan gaɓa, na buɗaɗɗen tunani kuma da rauni. Ki turo mini shafin da teburin rukunan yake, in duba shi bayan la'asar in sha Allah.