Amsa ga mai tambayar ko PS5 ta gama da gem ɗin kwamfuta

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya hana ni zama. Ka ce ka tara ɗan kuɗi kana son haɗa kwamfutar gem, sai abokanka suka ce asarar kuɗi za ka yi, wai PS5 da sabuwar Xbox sun gama da kwamfuta, nan da 'yan shekaru ba kamfanin da zai ƙara yi mata wasa. Ba gaskiya ba ne. Amma kar ka ɗauki kuɗin ka nufi Ikeja tukuna, don abin da zai dame ka a Legas daban ne da abin da suke gardama a kai.

Ni na riƙe gidan gem a Agege tun zamanin PS2 har zuwa PS3, daga baya na koma gyaran laftof da na'urorin gem a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, nan nake har yau. Duka biyun a kwance ake kawo min su kan tebur, don haka ba na cikin masu kishin ɓangare ɗaya.

Wannan magana ta abokanka ta tsufa. An yi ta lokacin da PS2 ta fito a 2000, kuma a lokacin tana da ƙarfi, don na'urar ta sayu sama da miliyan 150. An maimaita ta da Xbox 360 da PS3 suka zo a 2005 da 2006, an sake a 2013 da PS4, ga shi an sake tun Nuwamban 2020 da PS5 da Xbox Series X suka fito. A tsakiyar wannan jana'iza da ake ta shirya wa kwamfuta ne kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, kasuwar sayen wasannin kwamfuta ta intanet. A 2025 an samu lokacin da mutane sama da miliyan 40 suke kan Steam a tare, a sa'a guda. Kai ma ka auna.

Abin da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne abin da idona yake gani in na cire murfi. PS3 tana da wata ƙwaƙwalwa tata ta daban da ake kira Cell, wadda ta wahalar da masu rubuta wasanni. Daga PS4 aka bar wannan hanya. PS4 da Xbox One da PS5 da Xbox Series duk kamfanin AMD ne yake yi musu ƙwaƙwalwa da ɓangaren zana hoto, kuma gininsu ɗaya ne da na kwamfutar da ke kan teburin ofis. Wato PS5 kwamfuta ce da aka kulle, aka ce wasa kawai za ta yi, kuma a shagon Sony kawai za ta yi sayayya. Tunda cikinsu ya zama ɗaya, wanda ya kashe kuɗi ya ƙera wasa wa PS5 ba ya shan wahala sosai wajen mayar da shi kwamfuta, kuma ba ɗan kasuwar da zai ga masu saye ya juya musu baya. Sony da kanta ta kai Horizon Zero Dawn kwamfuta a 2020, ta kai God of War da Spider-Man a 2022, wasannin da a da ake cewa sai ka mallaki PlayStation za ka taɓa su. Microsoft kuwa ai Xbox da Windows duk nata ne, wasanninta ko a Xbox ka buga ko a kwamfuta aljihunta kuɗin yake shiga. Da ta sayi Activision, kamfanin da ke yin wasan Call of Duty, a 2023 kan kusan dala biliyan 69, ba ta janye wasan daga kwamfuta ba. Valve ma ta biyo ta ɗaya hanyar, ta fitar da Steam Deck a 2022, kwamfuta ce da aka yi mata siffar gem ɗin hannu.

Inda abokanka suke da gaskiya shi ne farashin shiga. PS5 ta fito a dala 499, kuma a lokacin ba za ka haɗa kwamfuta mai ƙarfinta da wannan kuɗin ba, balle a 2021 da masu haƙar kirifto suka wawushe katin girafik, wato ɓangaren zana hoto na kwamfuta, har farashinsa ya haukace. Kamfanonin na'ura suna sassauta farashin akwatin ne don su fanshe a wajen wasanni da kuɗin wata. Kamar kama haya ne a garin nan: shiga ya fi gini sauƙi, amma mai gida ne zai faɗi kuɗin shekara da dokar gida. Sai kuma jira. GTA V ta fito wa na'urori a 2013, masu kwamfuta sai 2015 suka samu. Red Dead Redemption 2 ma shekara guda suka jira. In kana cikin waɗanda ba sa iya haƙuri sai sun buga ranar farko, ka san da wannan.

Na san kuma dalilin da ya sa a idon yaran unguwa kwamfuta ta mutu. Ba ta taɓa zama a gidan gem ba tun asali. Shiga kowane gidan gem a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ƙwallo ake bugawa. A zamaninmu Winning Eleven da PES ne, daga baya FIFA ta karɓe, yanzu sunanta FC tun 2023. Mutum biyu, hannun buga gem biyu, talabijin ɗaya, a biya kuɗin wasa, wanda aka ci ya tashi. Wannan sana'a PlayStation ce ta dace da ita: yaron shago zai kunna ta ba tare da ya san komai ba, ba ta tsayawa neman gyaran saiti, kuma ba wanda zai shiga ya goge maka wani abu. Da yau zan sake buɗe shago, PS zan saka, ko tunani ba zan tsaya yi ba. Masu gem a kwamfuta suna ɗakunansu, shi ya sa ba ka ganin su. Ni ina ganin su, don ni suke kawo wa in fanka ta fara kuka.

Wanda ya kwashe mana kwastoma a gidan gem ba kwamfuta ba ce, ba kuma sabuwar PS ba. Waya ce. Tun da PUBG ta sauka a waya a 2018, Call of Duty Mobile ta biyo a 2019, ga Free Fire da ke tafiya ko a ƙaramar waya, yaron da a da yake bin layi a shagona ya samu abin yi a aljihunsa. Je ka Mile 12 da rana bayan an sauke kaya, ka ga matasa a bayan kwandunan tumatir sun karkatar da waya. Masu gadi da dare ma haka. A duniya baki ɗaya kusan rabin kuɗin da ake samu a harkar gem daga waya yake fitowa. In akwai wanda Sony da Valve suke kwana da tunaninsa, shi ne.

To yanzu zo mu yi lissafin Legas, wanda shi ne ya shafe ka.

Na farko wuta. PS5 tana jan kusan wat 200 in ana wasa, ban da talabijin. Kwamfutar tebur mai matsakaicin kati, in ka haɗa da allo, tana iya kaiwa wat 350 zuwa 400, manyan katuna kuma irin RTX 4090 shi kaɗai wat 450 ne. Ka ɗauki wat 400 a awa biyar, yunit biyu ke nan a rana. In layinku na Band A ne, ka tuna a Afrilun 2024 aka kai yunit ɗaya naira 225. In kuma janareto ne, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Kuɗin ma ba shi ne babbar matsalar ba, yankewar ce. Yawancin PS4 da PS5 da kwamfutocin tebur da ake kawo min a mace, ɓangaren wutarsu ne ya ƙone, ko dai wuta ta dawo da ƙarfi ko an juya zuwa janareto na'urar tana kunne. Duk wanda ka zaɓa cikin biyun, ka ware kuɗin UPS ko inbata da sitabilaiza tun farko, ka ɗauke su a matsayin ɓangaren na'urar. A nan laftof ɗin gem ta fi su duka, don batirinta yana riƙe ta kafin ka tashi ka ja janareto. Ita kuma tata matsalar zafi ne, kuma katinta a liƙe yake da allon ciki, ba a canzawa. In ya mutu, sau da yawa laftof ɗin ce ta tafi.

Na biyu dala. Sabon babban wasa a PS5 dala 70 ne, ka buga da canjin yau ka gani. Sony ba ta da shagon PlayStation na Najeriya, shi ya sa kowa yake buɗe akawun da adireshin Amurka ko Ingila yana sayen katin kuɗi a hannun dillalai, su ma da ribarsu a kai. In za ka kara da mutane ta intanet a FC, sai ka biya PS Plus, kuɗin rajista na Sony. A kwamfuta ba a biyan wannan kuɗin. Steam tana yin gwanjo sau da dama a shekara, Epic, wata kasuwar irin Steam, tana raba wasa kyauta duk mako, ga Counter-Strike 2 da Dota 2 da Valorant da ba a saye. Amfanin PS ɗaya da ba na raina shi: faifai. Ka gama wasa ka kai Alaba ko Ikeja ka yi musaya, ka cika ɗan kuɗi ka ɗauko wani, ko ku yi karo-karo da abokai. Saboda haka in PS5 za ka saya, kar arha ta ja ka zuwa wadda ba ta cin faifai. A ƙasar da wasa ɗaya yake cin sama da giga 100 na data, wannan ramin faifan yana da daraja, ko da yake shi ma ba ya hana ka sauke sabuntawa.

Akwai masu loda wasannin sata a ma'ajiyar kwamfuta (hard disk), na san za a ce maka ai a kwamfuta komai kyauta ne. Haƙƙin mutane ne, wannan ɗaya. Na biyu, kwamfutoci da yawa da ake kawo min suna tafiyar hawainiya daga nan suka kwaso cuta, wasu har da ɓoyayyen shirin da yake haƙa wa wani kirifto da wutarka.

Wajen gyara kwamfutar tebur ba ta da na biyu. Kati ya tsufa ka cire ka sa wani, RAM ta yi kaɗan ka ƙara, kuma kayan suna nan birjik a kasuwa, sabo da tokumbo. Akwai yaran da har yanzu katin GTX 1060 na 2016 suke amfani da shi suna buga ƙwallonsu lafiya. PS5 abin da za ka iya ƙara mata ma'ajiya ce kawai. Abin da ya fi kawo ta wajenmu shi ne bakin HDMI da ya karye, da ƙura da ta toshe iska, da hannu da sandarsa take tafiya da kanta. Ga laimar garin nan, musamman masu zama kusa da ruwa wajen Ojo ko Ajah, tsatsa ba ta barin kowace na'ura.

Ka ce a tambayarka kana koyon haɗa bidiyo. Ni a wajena wannan ya yanke hukunci. Katin da zai ɗauki wasa shi ne zai ɗauki aikin bidiyo da zane, da rana ta nemo maka kuɗin data, da dare ka yi wasanka, kuma hannun PS ɗin ma yana aiki a kwamfuta. PS5 ba za ta taɓa haɗa maka bidiyon biki ba. Da ka ce min ƙwallo kawai kake so kai da abokai a falo, da na ce ka nemi PS5 mai faifai, ko ma PS4 mai lafiya ka riƙe canjinka, ba abin kunya ba ne.

In za ka zo saye, kar ka biye wa 'yan kamashon da suke tare mutane a bakin titin Otigba, ka shiga shago mai rasit da adireshi. Katin tokumbo ka sa a ɗora masa wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa a gabanka, ka duba zafinsa, ka saurari fankar, ka kalli allo ko ɗigo-ɗigo zai fito, domin tun da aka daina haƙar kirifton Ethereum da kati a Satumban 2022 katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Kar ka yi rowa a akwatin wutar kwamfutar, nan ne masu haɗawa suke rage kuɗi su sa maka na banza. A rubuta maka lambar kowane kaya a rasit tare da kwanakin garanti. Kuma kar ka yi sammako ranar Alhamis, ana sharar kasuwa, shaguna ba sa buɗewa sai ƙarfe 10. Ka faɗo min adadin da ke hannunka da irin wutar unguwarku, sai in lissafa maka kayan da za su shiga.