Na sayi kafca kad amma hoton tafsiri yana sarƙewa

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni ke ɗaukar tafsiri a masallacin unguwarmu a Jekadafari nan Gombe. Na jona kyamara da laftof da wayar HDMI ba abin da ya fito, sai na sayo kafca kad, na'urar da ke karɓar hoton kyamara ta shigar da shi kwamfuta, mai 4K a jikin kwali, yanzu hoto na zuwa amma yana sarƙewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da ladan wannan hidima. Na farkon dai ba laifin waya ba ne, ramin HDMI na laftof fitar da hoto yake yi zuwa talabijin, ba ya karɓa, shi ya sa sai da kad ɗin.

Amma 4K ɗin nan na kwali shi ke cutar mutane kuma abin na damuna. Yawancin masu arahar nan nufinsu kad ɗin zai iya karɓar 4K daga kyamara, amma abin da yake miƙa wa kwamfuta 1080p ne firam 30, wato hoto 30 a sakan, a matse, saboda cikinsa USB 2.0 ne ko da bakinsa shuɗi ne irin na USB 3.0. USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a sakan, shi kuwa 1080p firam 60 da ba a matse ba yana neman kusan gigabit 2, ka ga ai buhu ne ake son a zura ta bakin kwalba. In da hali ka nemi na USB 3.0 na gaske mai gigabit 5, ka soka shi kai tsaye jikin laftof, kar ka bi ta hob, abin nan mai raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa, tare da maus da filas.

In wannan za ka ci gaba da shi, wallahi ya ishi tafsiri, malam ai a zaune yake. Sauke OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo a kwamfuta, kyauta ne, ka sa 1080p, a kad ɗin ka zaɓi MJPEG, tsarin da ke matse hoto, kyamara kuma firam 25 don wutarmu 50Hz ce, kar fitilun masallaci su riƙa ƙyafta a hoto. Wajen enkoda, wato abin da ke matse bidiyon zuwa fayil, zaɓi QuickSync in laftof ɗin Intel ce, NVENC in akwai Nvidia a cikinta. Caja ta zauna a jone, laftof a kan batiri rage ƙarfi take yi.

Don Allah ka yi rikodin a tsarin fayil na MKV, ba MP4 ba. Na taɓa asarar karatun awa biyu cif, janareta ya tsaya, batirin laftof ɗin ya riga ya mutu, MP4 ɗin ya ƙi buɗewa har yau. Da MKV ne da abin da aka ɗauka yana nan, daga baya OBS ɗin zai mayar maka da shi MP4. Megabit 10 na cin wajen giga 4.5 duk awa, sai ka lissafa na kwana 30 tun kafin a ga wata.