Baƙar motata ta yi hazo, ko an wanke ba ya fita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla baƙa da aka kawo mini daga Kwatano bara. Ranar da ta shigo Damagaram, mutum na ganin fuskarsa a jikin ƙofarta. Yanzu rufin da murfin inji sun yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Kullum da safe yarona yana goge ta da tsumma, ranar Juma'a kuma a wanke ta da Omo. Wani abokina ya ce in kai a sa mata injin goge fenti. Me ka gani?
Mai karatu daga Birni

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin mu kai ga inji, ka karɓe tsumman nan daga hannun yaro tukuna. Shi nake zargi da rabin ɓarnar.

Ƙurar da hunturu ke sauke mana ba gari ba ce, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk busasshen tsumma da aka ja a kanta, sai ya bar karce sirara waɗanda ido ba ya rabewa ɗaya-ɗaya. In suka taru dubbai, haske ya daina dawowa kai tsaye, ya watse, shi ne hazon da kake gani. Farar mota ma tana yin haka, ɓoyewa kawai take yi. Baƙa ce ba ta da sirri. Ka haska fitilar wayarka a kan murfin da dare, za ka ga zare-zare sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo.

Ga gwajin da nake yi wa duk motar da aka kawo mini. Ka wanke wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka zuba masa ruwa. In baƙin ya dawo wuluk muddin wurin yana jiƙe, to cutar a sama take, gogewa za ta fid da ita. In kuwa ka ga fararen tabo masu gefe, suna ɓantarewa kamar fatar da ta sha kanwa, verni ne, wato shafin sama mai ƙyalli, ya mutu da rana. Wannan ba man da ke tayar da shi, sai sabon feshi, kada kowa ya ci kuɗinka.

Vernin nan shi ne shafi na ƙarshe, mai kama da gilashi, a bisa launin. Kaurinsa daga kamfani bai cika wuce mikron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin gashin kai guda ba. Gogewa kuma ba ƙari take yi masa ba, kankare shi take har ya daidaita da ƙasan karcen. Shi ya sa maganar inji ke sa ni ɗar-ɗar. Ina yaron garaji na taɓa ɗora inji da man goge mai kaushi a bakin ƙofar motar wani Alhaji, ban ƙirga goma ba sai ga launin toka na ƙasa ya leƙo. Maigidana bai ce mini uffan ba, ya dai miƙa mini takardar goge, na kwana biyu ina shirya ƙofar don sabon fenti. Shi man mai kaushi ma, ko bai ƙone ba, yana barin nasa hazon a baƙar mota in ba a bi shi da mai laushi ba.

Don haka ka fara da hannu. A inuwa, da sassafe, lokacin da ƙarfen yake da sanyi. A kwarara ruwa ya tafi da yashin kafin hannu ya taɓa jiki. Na san tsadar ruwa a garin nan, jarka biyu daga wurin ɗan ga-ruwa sun isa in aka yi bokiti biyu: ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tawul. Omo a bar wa tufafi, yana cinye kakin da ke kare fenti. A tsane nan take da tawul mai laushi irin na mikrofiba, domin ruwan da ya bushe da kansa yana barin zoben gishiri. In zobban sun riga sun zauna, farin khal rabi da ruwa rabi yakan ɗaga su, a ɗauraye bayan minti ɗaya.

Sai ka ɗauki folish, wato man goge, mafi laushi, ɗigo uku ko huɗu a kan soso, ka gwada a kusurwa ɗaya ta murfin. Ka goge, ka share, ka kwatanta da gefensa. In ya yi, ka bi sauran kaɗan-kaɗan. In sau biyu bai motsa ba, to a je ga mai inji, amma ka tsaya a kansa ya fara da soso mai laushi, ya kuma kauce wa gefuna. Karcen da farcenka ke maƙalewa a ciki, ka haƙura da shi.

Daga ƙarshe a shafa kaki siriri, a share kafin ya daskare, a maimaita duk wata biyu ko uku. Rumfa ko ta zana ce ka yi mata a ƙofar gida. Ranar da babu ruwa kuwa, a share gilashi da fitilu kawai, jikin ya zauna da ƙurarsa har Juma'a.