Dagula lamari: zagi ne ko gyara?

Wani ɗan'uwa daga Garwa ya aiko min da tambaya, yace ya shiga sasanta yayansa da matar yayan nasa, da ya gama magana sai kawunsu yace masa "kai yaro ka dagula lamari kawai", shine yake so ya san ko kawu na nufin da gangan yayi, kuma meye bambancin dagula da ta'azzara da yake ji a labaran rediyo.

To ɗan'uwa kwantar da hankalinka, kawu bai ce kai mugu bane. Asalin dagula a ruwa take. Ƴan Marwa sun san wannan sarai, da rani in mayo, wato kogi, ya ƙafe ana tona yashi a jira ruwa ya taru ya kwanta, sai wani mai gaggawa ya zurma ƙwarya har ƙasa, laka ta taso, kowa ya koma jira. Shi ma ruwan yazo ɗiba, ba ɓarna ya fito yi ba, amma dai ya dagula. Saboda haka kalmar bata duba niyya, abinda take nunawa shine abu ya fara lafawa sai hannun wani ya tayar da shi. Ina kyautata zaton rigimar gidan yayanka ta fara sanyi ne kai kuma ka ɗauko zancen da aka riga aka binne. In da kawu yana zarginka da gangan ne ai cewa zai yi kana rura wuta, ko kana zuga, waɗannan biyun kam zargi ne tsagwaronsa, ba a faɗawa mai kyakkyawar niyya su.

Sannan ka lura da wasalin ƙarshe, nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ka dagula lamari, da a, akwai mai aikatawa. Lamari ya dagule, da e, ba a nuna kowa da yatsa ba. Haka fasa da fashe, kwaɓa da kwaɓe. A rabon da masanin harshen Hausa Parsons yayi wa aikatau na Hausa gida 7 a 1960, dagula tana aji na 1, dagule tana aji na 4. Shi yasa dattijo mai iya zama da jama'a in baya son kunyata mutum a gaban surukai sai yace "abin ya dagule", shikenan kowa ya gane kuma ba wanda aka kama da laifi. Kawunka dai bai ga dama bane ranar, kuma yana da ikon hakan tunda ɗansa ne kai.

Ta'azzara kuwa ararriya ce daga Larabci, ta ƴan jarida ce da masu wa'azi, tsadar gero ta ta'azzara, ambaliya ta ta'azzara. Abu ne da dama can yana da tsanani sai ya ƙaru. Wallahi in ka shiga babbar kasuwar Garwa kace wa mai tumatir ya ta'azzara maka ciniki dariya za ayi maka.

Akwai wata da nake ganin ta ma fi dacewa da labarinka, wato fama, sunanta fami. Ba famar "ina fama da zazzaɓi" ba, karin sautinsu daban ne. Wannan ita ce a bugi ciwon da ya fara warkewa, "ka fama min gyambo". In tsohon ɓacin rai ka taɓo wa matar yayanka, to fami kayi.

Wata baiwar Allah daga Kusiri kuma tana tambaya ko "an yi gudun gara an faɗa gidan zago" daidai yake da dagula. A'a Hajiya. Gara da zago duk dangi ne, zago ne babba mai cizo, karin maganar na wanda ya gujewa ƙaramar wahala ya afka babba ne, kansa ya jawowa. Wanda ya shiga gyara ya ɓata, nasa shine "garin gyaran gira an rasa ido", wasu suce neman gira, duka ana faɗa. In kuwa ba hannun kowa, masifa ce ta hau kan wata, sai kice "ana kukan targaɗe sai ga karaya".