Kuɗin gida ya hau, to ina masu saye?

Laminu, jiya muna wanke kayan aiki ka ce mini: "Maigida, kowa na cewa gida ya yi tsada a Damagaram, to me ya sa wanda muka gama bara har yau yana kulle? Kuma ni in na tara 'yan kuɗina, in gina in sayar, ko in sayi fili?" Magariba ta kawo jiki shi ya sa na yi shiru. Zauna ka ji.

Kuɗin da kake ji a bakin dillali suna ne aka sa wa gida. Akwai suna, akwai tayi, akwai abin da aka sallama, kuma na ukun ba a shelar sa. Mutumin garin nan ba ya rage sunan gidansa, domin yawanci ba banki ke bin sa ba, da guminsa ya gina, buhun siminti biyar yau, buhu goma bayan kaka. In tayi bai yi masa ba sai ya ce albarka, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ko shekara uku ce zai jira. Ranar da aurar da 'ya ta taso, ko rabon gado, ko bashi ya kai wuya, a nan ake sallamawa da dare a zaure, da sauƙin da ba za ka yarda ba. Wannan cinikin ba ya zuwa kunnenka. Shi ya sa kake ganin kamar farashi hawa kawai yake yi.

Abin da ya hau da gaske shi ne fili, sai kayan aiki da ke hawa da sauka. Siminti daga Malbaza yake tasowa, can jihar Tawa, kuɗin mota kawai ya ishe shi. Rodi, kwano, fenti, tayil, mafi yawa daga Kano suke shigowa ta Matamaye ko ta Magarya. Kana tare da ni lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ka ga yadda muka zauna hannu rabbana har aka buɗe a watan Maris 2024. A Oktoban 2024 hukuma ta karya farashin siminti, aiki ya ɗan motsa. Amma ga inda mutane ke ruɗewa: in naira ta faɗi, kayan Kano na yi wa mai sefa araha, sai ka ce gini zai bunƙasa. Ina! Alhajin da zai ba mu aikin, dabbobi da wake yake kai wa Najeriya, da nairar nan ake biyan sa. Kaya sun yi sauƙi, mai saye kuma aljihunsa ya rame. Na sha ganin haka.

Sai ka tambayi kanka, wa ke neman muhalli yau? Tun da aka buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta SORAZ kuma ta fara aiki a 2011 a hanyar Tanut, garin ya cika da ma'aikata da ɗalibai. Waɗannan haya suke nema, ciki da falo, ko ɗaki biyu da makewayi mai tsabta. Da zinariyar Jado, can arewa a jihar Agadas, ta ɓulla a 2014, samari sun dawo da kuɗi, haka waɗanda ke Libiya da Aljeriya suna aikowa. Su kuma fili suke saye a bakin gari, su kira mu mu zagaye shi da katanga, mu sa ƙofar ƙarfe, shi ke nan sai wata shekara. Ƙirga ayyukanmu na bana: katanga nawa, ɗakunan haya nawa, shago nawa, babban gida nawa? Gidan da kake magana a kai ɗaki shida ne da falo biyu. Mai kuɗin sayen irinsa ya fi son ya gina nasa yadda matansa ke so, wanda ke son sa kuma ba shi da kuɗinsa.

Yanzu ruwa, don shi ne sarkin ciniki a Zinder. Garin nan kan dutse yake zaune, ruwan pompo daga nesa ake jawo shi, daga su Arunguza da Ganaram. Mai saye kafin ya dubi rufi sai ya murɗa pompo, ya tambayi maƙwabta ko yana zuwa da rana ko sai tsakar dare, ko kuwa 'yan garuwa ne ke riƙe da unguwar. Gida biyu iri ɗaya, hannu ɗaya ya gina su, ruwa kaɗai zai raba kuɗinsu. Mu ma yana shiga lissafinmu. Birgin da bai sha ruwa ba, da farce za ka kankare shi, kuma inda ake sayen ruwan jarka, nan ne ma'aikata ke yi wa gini rowa.

Tun daminar 2024 kuma an ƙara wata tambaya. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni ya faɗi, gidaje da yawa suka bi shi. Daga nan duk mai saye sai ya ce, ruwa na kwanciya a nan? Akwai tabki kusa? Ginin ƙasa ya zube a idon mutane, kowa siminti yake nema. Ni dai ban yarda laifin ƙasa ba ne. Soron da ake yi wa yaɓe kan lokaci, indararonsa a buɗe, gindinsa a tsare, ya ga jikoki, kuma a watan Afrilu ya fi ɗakin kwano daɗin kwana nesa ba kusa ba. Amma ba ni ke saye ba. Ka koyi duka biyun, hannun da ya iya ɗaurin guga da azara, wato rufin soro, ƙaranci yake yi.

Takarda ma ka kiyaye ta. Na taɓa kai katanga har kafaɗa a wani fili, sai ga mutum da tasa takardar, shi ma an sayar masa. Gona ce aka yayyanka ba tare da hukuma ba. Aka tsayar da aiki, ladanmu har yau yana can. Filin da ke da takardar ma'aikatar magajin gari, da lambarsa, da turakunsa a ƙasa, ya fi tsada, kuma ya cancanta.

Batun kuɗinka, kada ka gina don sayarwa, ba ka da jarin da za ka kulle gida ka jira. Nemi ƙaramin fili mai tsabtar takarda, ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, da ƙafarka, ba a waya ba. In ƙasa ta tsane, ka saya, ka zagaye, ka tada ɗaki biyu ta gefen hanya. Ka shiga ɗaya, ka ba da ɗaya haya. Ni zan ja maka igiyar tushe, kyauta.

Gobe ka riga ni zuwa wurin aiki, ka shayar da birgin nan tun rana ba ta yi zafi ba, ka ƙirga mini buhunan da suka rage.