Jan yauƙi a tankin kifin ruwan gishiri

Tambaya: Malam, wani jan yauƙi ya lulluɓe yashi da duwatsun tankina. Ina kwashewa yana dawowa. Ina mafita?

Amsa: Ba gansakuka ba ce, bakteriya ce, sayanobakteriya. Ragowar abincin kifi take ci, kuma ta fi son lungun da ruwa ba ya motsi. Zuƙe ta da siririn tiyo. Gogewa watsa ta kawai take yi. Duk mako canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan da tataccen ruwan RO (wanda na'urar tacewa ta musamman ta cire wa sinadarai), ka haɗa masa gishiri daidai da na tankin, don ruwan famfo yakan zo da fosfet, sinadarin da ke ciyar da ita. Rage abinci, ka juya famfon motsa ruwa ya fuskanci lungun. In ta ƙi, kashe fitila kwana 3. Maganin kashe ta na kanti kuwa yana rage oksijin, kada a zuba shi sai injin kumfa yana kunne, in ba haka ba kifi ya galabaita.